Raɗin Sunan Tsutsa a Garki

Ni dai sana'ata tsutsa ce. In an tambaye ni a gidan biki nakan ce ma'aikaciyar gwamnati ce ni, in ja bakina, domin na gaji da ganin yadda fuskar mai tambaya take sauyawa yana tsakiyar cin shinkafa. Gaskiyar magana, shekaru na kwashe a ƙasar waje ina karatun wasu tsutsotsin teku, shimfiɗaɗɗu kamar ganye: yadda ake bambanta wannan da waccan, a sa kowace cikin danginta, a rubuta kamanninta ciki da waje, in ba a taɓa saninta ba a raɗa mata suna. Da na dawo gida da digirina, gwamnati ta zauna ta yi dogon nazari irin nata, ta ga babu inda ya dace da masaniyar halittun teku kamar Abuja. Aka ba ni tebur a wani sashe na wata ma'aikata a Garki, kusa da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Ruwa mafi girma da nake gani shi ne wanda ke kwanciya a hanyar Nyanya in an yi ruwan sama, ina cikin go-silo daga Karu.

Daraktan sashenmu tattalin arziki ya karanta. Teku kuwa ya gan ta, ba laifi, ta tagar jirgi a hanyarsa ta zuwa Umra. Mutum ne mai tsafta, hularsa ba ta taɓa karkacewa, turarensa kan riga shi shiga ofis ya kuma daɗe bayan ya fita. Ba mugu ba ne. Abin da yake tsoro a duniya shi ne a manta da shi, ko kuma a tuna da shi a lokacin da bai shirya ba.

Wata shekara aka tura mu Legas mu ƙidaya halittun da ke bakin teku kafin a fara wani aikin gini. Mafi yawan tawagar a otal suka yi tasu ƙidayar. Ni kuwa da ruwa ya janye sai na naɗe ƙafar wandona na shiga cikin manyan duwatsun da aka jibge don tare igiyar ruwa, ina birkita ƙananan ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin wani dutse na gan ta. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Jikinta shuɗi ne mai duhu kamar an tsamo ta daga rijiyar marina, gefenta kuma an zagaye shi da zare ruwan zinariya. Da na taɓa ruwan sai ta saki dutsen ta soma iyo, gefunanta na kaɗawa kamar mayafi a kan igiyar shanya. Na tsaya ruwa har gwiwa ina kallonta, na manta da cewa akwai wata ma'aikata a duniya.

Irin waɗannan ba a ɗaukarsu da hannu, yagewa suke yi. Da burushin fenti mai laushi ake lallaɓa su zuwa cikin kwalba. In ransu ya ɓaci kuma sai su narke su koma majina, ka rasa abin da za ka nuna. Na samu 'yan kaɗan, na ɗauke su hoto suna da rai, sannan na kwantar da su a kan sinadarin da na daskarar don su mutu a miƙe, kada su nannaɗe. Launin kam ba ya tsayawa. Abin da ya iso Abuja a jakata ya fi kama da guntun ganda da aka manta a ƙasan tukunya.

Daga nan aikin ya soma, kuma aiki ne na mai haƙuri ko marar wani abin yi, ni kuwa na haɗa duka biyu. Idanun tsutsar ɗigo-ɗigo ne kamar an barbaɗa masoro, sai an ƙirga su a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, a zana yadda suka taru. A auna inda baki yake, a duba lanƙwasar maƙogwaro. Amma duk wannan share fage ne, domin a wannan dangi ba a gane jinsi da fuska. Sai an duba gaɓoɓin haihuwa. Dole a saka tsutsar cikin kaki irin na kyandir, a yayyanka ta sala-sala, kowace sala ta fi ɓawon albasa siranta, a jera a kan gilashi, a rina, sannan a bi su ɗaya-ɗaya ana harhaɗa hoton cikin a kan takarda. Ɗakin bincikenmu yana da kyakkyawan allo a ƙofa da kujeru masu juyawa, injin yankan ne kawai babu. Wata ƙawata likita ce ta riƙa shigar da ni ɗakin gwajinsu a asibiti ranakun Asabar.

Sai kwatance. Na bi bayanan duk 'yan uwanta da aka taɓa rubutawa, wasu da Jamusanci, wasu da Faransanci, wasu kuma wani bawan Allah ne da ya mutu tun kafin a haifi kakata ya taƙaita su a layi uku, ya yi zanen da za a iya cewa tsutsa ce, za a iya cewa takalmi ne. Na aika wa tsohuwar malamata hotuna da zanena. Dattijuwa ce da ba ta yabon komai, ko yanayin gari. Ta amsa da cewa ba ta san wannan ba, kuma in ita ba ta san ta ba, to in ci gaba.

A rahoton wata na sa layi biyu a kan maganar. Na ɗauka ba a karanta rahoton wata, tun da na taɓa maimaita na watan baya ban ji ko tari ba. Washegari masinja ya ce Darakta na nemana.

"Dakta, zauna," in ji shi. "Wannan sabuwar halitta da kika rubuta. Wato duk duniya babu wanda ya san ta?"

"Allah ya san ta, ranka ya daɗe. Masunta ma ƙila sun sha ganinta. A littafi ne babu ita."

"To wa zai sa mata suna?"

"Wanda ya bayyana ta."

"Wato ke."

"Ni."

"Wato ma'aikata."

Ya nemi hoton, na miƙa masa wayata. Ya daɗe yana kallo, ya ce tubarkalla, sai ka ce leshin amarya. Ya tambaya ko gaskiya ne ana sa wa irin waɗannan halittu sunan mutum, na ce ana yi, a ƙara wa sunan ɗan jela na Latinanci. Ya tambaya sunan zai kai yaushe, na ce har a naɗe ƙasa. Nan na ga idonsa ya yi haske. A lokacin ana raɗe-raɗin za a yi wa daraktoci garambawul, wasu a kai su gaba, wasu a kai su inda ko masinja ba ya zuwa, kuma alƙalamin yana hannun Babban Sakataren ma'aikatar. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

"Sunan Babban Sakatare za a sa mata," ya ce. "Wasu sun kai masa agogo, wasu sun kai darduma. Mu za mu kai masa abin da ba ya tsufa."

"Ranka ya daɗe, akwai wasu halaye nata da ya kamata ka ji tukuna."

"Ku masu ilimi matsalarku ke nan, dogon bayani. Tana da dafi?"

"Da alama akwai a fatarta, don kada kifi ya cinye ta."

"To, kwarjini ke nan. Sannan ki daina ce mata tsutsa. Halittar teku mai ado."

Aka kafa kwamiti. Ni ce sakatariya, wato mai ɗauko kujeru. Mun zauna sau da dama a kan launin allon da za a buga da kuma ko za a gayyaci 'yan jarida. Duk lokacin da na ɗaga hannu don in yi bayanin dabbar da muka taru dominta, sai a ce a bar shi sai an zo kan sauran batutuwa, sauran batutuwa kuma kullum lokacin sallah ke cinye su. A ƙarshe aka tsayar da cewa ni da Darakta za mu fara kai wa Babban Sakatare albishir a ofishinsa, kafin a yi gagarumin biki.

Babban Sakataren ɗan tsamurmurin dattijo ne mai magana a hankali. An ce kafin ya shigo aikin ma'aikata ya koyar a makarantar sakandare, kuma yana da wata mummunar ɗabi'a da ta addabi kowa: yana karanta abin da aka kawo masa. Muka shiga, Darakta ya yi jawabin da ya kwana yana haddacewa, ya ambaci hangen nesa da jajircewa da tarihi, sannan ya ajiye babban hoton a kan tebur da hannu biyu. Dattijon ya gyara tabarau, ya duba, ya ce lallai kyakkyawa ce. Sai ya juyo gare ni.

"'Yata, ke kika samo ta? Ina kanta?"

Na nuna masa.

"Bakinta fa?"

"A ƙarƙashin cikinta yake, ranka ya daɗe."

"Me take ci?"

"Wasu halittu masu laushi da ke manne a jikin dutse, waɗanda ba sa iya gudu. Takan lulluɓe su da jikinta, ta zuro maƙogwaronta waje, ta narkar da su ta tsotse."

"Waɗanda ba sa iya gudu," ya maimaita, kamar mai ɗanɗana miya. "In ta ci, ta ina abin yake fita?"

Darakta ya yi gyaran murya. Na dube shi, na dubi dattijon. An yi mini tambaya, kuma babba ne ya yi ta.

"Ta inda ya shiga, ranka ya daɗe. Ƙofa ɗaya gare ta."

"Ƙashin baya?"

"Babu."

"Zuciya?"

"Babu. Jini ma babu."

"Ƙwaƙwalwa?"

"Akwai 'yar kaɗan."

"To alhamdu lillahi. Mace ce ko namiji?"

Na ce duka biyu ce. Ya ce to yaya suke yi. Na sunkuyar da kai na faɗa wa kafet cewa a danginsu in biyu suka haɗu sai su miƙe su yi ta kai wa juna suka da abin mazantakarsu, wadda aka riga sokewa ita ke ɗaukar ƙwai.

Duk da sanyin na'urar sanyaya ɗaki, gumi ya keto wa Darakta ta ƙarƙashin hula. Babban Sakatare ya cire tabarau ya goge a hankali.

"Tun da na fara aikin gwamnati," ya ce, "'yan jarida sun kira ni sunaye, 'yan ƙwadago sun kira ni, surukaina ma sun taɓa nasu. Amma yau ne na fara ganin wanda ya yi tunanin a rubuta abin da Latinanci a ajiye a gidan tarihi."

"Ranka ya daɗe, wallahi ban..."

"A'a, Darakta, na gode ƙwarai. Sai dai ni ba na cin haƙƙin na ƙasa da ni. A sashenka aka gano ta, a ƙarƙashin hangen nesanka da jajircewarka. Sunanka za a sa mata."

Ya jawo fayil ɗin ya rubuta hakan da hannunsa, ya sa hannu, ya miƙo mini, ya ce Allah ya yi mini albarka. Muka fito ni da Darakta. A bakin lif ne ya juyo ya ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Na ce yana cikin sauran batutuwa.

Ranar Asabar da la'asar ina yanka alayyafo maigidana ya leƙo kicin ya ce ga wani babban mutum a falo da kwalin lemo, yana ta zufa. Darakta ne, ya tuƙo kansa har Karu, babu direba. Ban taɓa ganinsa ba hula ba sai ran nan, ya cire ta ya ɗora a gwiwa. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka yi maganar zafin gari, maigidana ya ga abin na ofis ne ya tashi zai ba mu wuri, Darakta ya ce ya zauna, shi ma uba ne, zai fahimta.

"Hajiya," ya ce. Yau ba Dakta ba ce. "Ina da 'ya'ya mata. Babbar an sa ranarta bayan Babbar Sallah. Mutanen yanzu kafin su kawo lefe sai sun buga sunanka a waya. Ki duba girman Allah. Sunan nan, in an sa, ba a gogewa?"

"Ba a gogewa, ranka ya daɗe. Ko daga baya an gano ba danginta ke nan ba aka mai da ita wani, sunanka na biye da ita."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Maigidana ya kama tari ya fita shan ruwa, na ji shi a tsakar gida yana dariyar da ta kusa kai shi ƙasa. Ni kuwa sai na ji tausayin mutumin. Ga shi zaune a kujerarmu, furfura ta cika masa kai, yana roƙon ƙaramar ma'aikaciyarsa ta cece shi daga wata aba da ba ta kai yatsa ba, ba ta san yana duniya ba. Na ce masa a wurin masana wannan girmamawa ce, akwai manyan malamai da suke mutuwa ba su samu ba. Ya ce su malaman ya shafa, shi a Garki yake aiki, kuma tuni masinjoji sun fara yin shiru in ya doso. Na ce to ya zan yi da rubutun Babban Sakatare? Ya ce shi ma abin da ya zo tambayata ke nan.

Daga nan Darakta ya koma ga makamin da ya fi iya riƙewa. Kafin a buga bayanin sabon jinsi, dole a ajiye samfur ɗaya a wani gidan adana halittu inda kowane mai bincike zai iya zuwa ya duba, ita ce shaidar da sunan ke rataye a kanta. Gidan da ya yarda ya karɓi tawa a ƙasar waje yake, fitar da ita kuma sai da takardar izini, takardar kuma sai da sa hannun Darakta. Fayil ɗin ya shiga ofishinsa ya ɓata. Kullum da safe zai gaishe ni da fara'a, ya tambayi maigida da yara, ya ce ana nan ana nema. Aka nema a kabad, aka nema a rajista, har aka tuhumi ɓeraye. Damina ta wuce, wata ta zo. Malamata ta rubuto tana tambaya ko na mutu ne. In na haɗu da Babban Sakatare a taro kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ya takwarar Darakta?" Gaba kura, baya sayaki, ni da tsutsata muna tsakiya a cikin kwalba.

Shekaru ne suka raba gardamar. Babban Sakatare ya kai lokacin ritaya, aka yi masa liyafa, Darakta ya yi jawabi har muryarsa na rawa. Wadda ta gaje shi ba ta san da zancen ba, babu kuma wanda ya ga dalilin ɗaga mata hankali. A makon nan fayil ya bayyana, a kan teburina, da sa hannu, shafin da dattijon ya yi rubutu ne kawai ɓerayen suka zaɓa suka ci. A ƙarƙashinsa akwai wata takardar: saboda ƙwarewata a harkar ruwa, an mai da ni Kuje in riƙa ba masu kiwon tarwaɗa shawara.

Na aika samfurin. Na sa wa tsutsar suna shuni, saboda launinta, ka'ida ta yarda a ɗauko kalma daga kowane harshe. Masu tantance rubutun suka dawo mini da shi, ɗaya ya ce in sake ƙirga idanun, ɗayan ya ce zanena na uku bai fita ba. Na sake, suka karɓa, aka buga. Mutanen da suka karanta a duniya za su iya shiga motar haya ɗaya su bar wa kwandasta wuri. A rahoton shekara ma'aikata ta sa abin cikin manyan nasarorinta, da hoton Darakta yana yanka kirtani a wani wuri daban.

Kuje kuwa ta karɓe ni da hannu biyu. Ofishin ɗaki ɗaya ne da benci, bayansa gonar doya. Ban san komai a kan tarwaɗa ba ban da yadda ake cinta da yaji, manoman kuma suka gane haka tun ranar farko, suka riƙa zuwa gaishe ni saboda ladabi. Wata safiya wani manomi Bagwari, dattijo mai tafkuna uku a bayan gidansa, ya shigo da bokiti. 'Ya'yan kifinsa ne ke mutuwa, suna ta goga jiki a bangon tafki suna hamma a saman ruwa. Ya ce ya sayi magani iri-iri a kasuwa, abin sai gaba yake yi. Na kankaro ɗan yauƙi daga jikin ɗaya na sa a gilashi na leƙa. Ga su nan birjik, ƙanana, shimfiɗaɗɗu, kowace ta kafa ƙugiyoyinta a fata tana miƙa tana lanƙwasa. Dangin nawa ne na nesa, na ruwan daɗi, sun biyo ni har nan. Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya ja da baya ya ce Yesu.

Na ce masa ya rage yawan kifin a tafki, ya sauya ruwa, ya riƙa yi musu wankan ruwan gishiri, na auna masa yadda zai haɗa a bokitinsa.

"Gishiri?" ya ce. "Na miya?"

"Na miya, Baba."

"Madam, an ce ka je Turai ka yi karatu ka dawo. Gishiri?"

"Gishiri."

Ya ɗauki bokitinsa ya fita yana girgiza kai. Wasu daga cikin kifin sun mutu, mafi yawa sun tashi. Bayan sati biyu ya aiko matarsa da doya, da saƙon cewa maƙwabcinsa zai zo gobe, nasa ma sun fara hamma.